Sauya dakalin tsoffin sojojin dalma: ta yaya ake cire su ba a karya ƙafa ba, ba a ɓata fenti ba?

Baban Amira:

Assalamu alaikum. Masana wannan harka, shawara nake nema. Akwai tsoffin sojojin wasan yaƙi na kan tebur a hannuna, kashi biyu, kuma duka suna bukatar sabon dakali, wato ɗan faifan da ake manna soja ya tsaya a kai.

Kashi na farko masu tsayin milimita 25 ne na kamfanin Minifigs na Ingila, rundunar Faransa ta zamanin Nafoliyon, zubin shekarun 1970. Akwai dakaru, akwai mahaya dawaki. An manna dakarun uku-uku a kan kwali mai kauri, an cike kewayen ƙafafunsu da wani abu mai kama da siminti, an shafa masa koren fenti, aka barbaɗa garin katako a kai. Yanzu kwalin ya lanƙwashe, gefensa yana sassaɓewa, wasu ma ba sa tsayuwa daidai a kan tebur. Fentin jikinsu mai sheƙi ne, aikin hannu mai kyau, ba na so ko kaɗan in taɓa shi. So nake in mayar da su kan dakalin da za a iya buga wasan yaƙin da ake kira Black Powder da shi.

Kashi na biyu wadanni ne, wato gajerun mayaƙan tatsuniya, na kamfanin Citadel, na ƙarfe, daga ƙarshen shekarun 1980. Suna kan baƙin dakalin roba mai kusurwa huɗu, milimita 20, irin mai tsaga ɗin nan da ake zura harshen ƙarfen da ke ƙasan ƙafafun soja a ciki. Dokokin wasan Warhammer: The Old World kuma milimita 25 suke nema.

To da me ake narkar da tsohon gam? Na ga wasu na cewa a jiƙa, wasu na cewa a saka a firiza, wasu kuma asiton. Wanne ya dace da wanne? Sannan sabon dakalin, na katako ya fi ko na roba ko na ƙarfe? Allah ya saka da alheri.

Malam Maƙeri:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Zan ɗauki na Minifigs ɗin, na Citadel in bar wa waɗanda suka fi ni saninsu.

Kafin ka ɗauki aska, ka fara gane gam ɗin da ke riƙe da su, domin shi ne zai nuna maka hanya. Zaɓi dakali ɗaya wanda ya fi kowanne lalacewa, ka ɓare kwalin daga ƙasa har ka kai ga tafin ƙarfen da aka zubo tare da sojan, ka duba abin da ke tsakaninsu. Idan ka ɗiga ruwa ya koma fari-fari ya yi laushi, farin gam ne na kafintoci, wato PVA, kuma ka huta. Idan ruwan ƙasa ne ko rawaya, yana jan zare ko yana murtsukewa a yatsa, gam ɗin masu gyaran takalma ne, irin Evo-Stik ko Bostik. Idan kuwa ya daskare ya yi tauri, aska na zamewa a kansa, mai haɗi biyu ne irin Araldite. Sufa gulu kuma siririn ɓawo ne fari mai ƙaras-ƙaras. A rundunar da aka yi a shekarun 1970 waɗancan ukun na farko aka fi samu, kuma ba mamaki ka tarar da iri biyu a runduna ɗaya, don masu ita sukan ƙara bataliya a shekaru daban-daban.

Abin da nake so ka riƙe a duk aikin shi ne: dakali ake ɓarewa daga jikin soja, ba soja ake fizgowa daga dakali ba. Ƙarfen nan haɗin dalma ne da kuza, mai taushi ne ƙwarai. Da zarar ka kama sojan ta kai ko ta kafaɗa ka girgiza, duk ƙarfin hannunka idon sawu zai sauka, nan ne kuma wuri mafi siranta a jikinsa. Lanƙwasa ɗaya zai jure, ka miƙar da shi. Ta biyu fenti zai tsage. Ta uku ƙafa ta rabu da tafi. Kwalin nan shara za shi, don haka duk wahalar da za a sha, shi za a bari ya sha.

Sai gwajin fenti. Yawancin masu fenti na wancan lokaci fentin mai na Humbrol suka yi amfani da shi, suka bi da banish mai sheƙi, wannan ba ya tsoron ruwa. Amma akwai waɗanda suka yi aiki da fentin ruwa ko tawada, banish ɗin ne kaɗai ke kare shi, kuma duk inda ya fashe ruwa zai shiga ƙarƙashi. Jiƙa auduga a kan tsinke, ka goga a bayan takalmin soja ɗaya. In launi ya biyo audugar, to ka kula ninki biyu da zurfin ruwan da zan faɗa.

Yanka kowane dakali ka raba sojojin ɗaya-ɗaya tun kafin jiƙo, da filayar yankan waya ko ƙaƙƙarfan almakashi. In ka bar su uku a haɗe, lokacin da kake lanƙwasa kwalin don cire na farko, bindigar na biyu za ta kankare fuskar na uku. Daga nan ka juya kowanne, ka tsaga ƙasan kwalin da reza sau uku ko huɗu a gicciye. Dalili shi ne fenti da banish sun toshe saman, ruwa ta ƙasa da gefe kawai zai samu shiga.

Samo tire mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda ba za a sake cin abinci a kansa ba. Zuba ruwa mai ɗumi, daidai wanda hannu ke jurewa, zurfin milimita 2 zuwa 3, ya shanye kwalin amma kada ya haura takalmin soja. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa yana sa ya ratsa da sauri. Kwali na shan ruwa, don haka ka riƙa leƙawa kana ƙarawa. Kwali mara kauri rabin awa zuwa awa biyu ya ishe shi. Mai kauri ko siririn katako sai ya kwana.

In ya jiƙu, kama gefen tafin ƙarfen da babban yatsa da manuni, ɗaya hannun kuma ya riƙa saɓule kwalin ƙasa-ƙasa, fallen bayan falle. Wannan abu mai kama da siminti, in Polyfilla ne ko Tetrion, wato kwaɓin toshe ramin bango, zai yi laushi, tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori sun isa su fitar da shi daga tsakanin ƙafafu. Kada ka sa bakin aska a nan, takalmin za ka kankare. In kuwa Milliput ne, wato kwaɓi mai haɗi biyu da ke daskarewa ya yi tauri, ruwa ba ya yi masa komai ko ya shekara a ciki. Sai dai ka riƙa gutsurarsa da bakin filaya kaɗan-kaɗan daga waje zuwa ciki, wanda ya maƙale tsakanin ƙafafu ka bar shi, sabuwar ƙasa za ta rufe.

Dawaki su ne masu ban tsoro. Dokin da ke sukuwa ƙafa biyu ko uku ne kawai ke haɗe da tafi, ga nauyin mahayi a sama. Kada ka ɗaga shi ta mahayi ko ta wuya yayin aikin. In mahayin yana motsi, cire shi ka ajiye gefe, daga baya ka mayar.

Araldite kuma, shawarata kada ka yi faɗa da shi. Ruwan zafi sosai yana sassauta shi, gaskiya ne, amma ƙarfe na kai zafi sama nan da nan, tsohon banish kuma ya yi hazo. Jiƙa kwalin ya fita, ka rage gam ɗin da ya fantsamo gefe da filaya, wanda ke ƙasan tafi ka goge shi a kan samfefa har ya miƙe, ka manna a haka. Ba wanda zai gan shi. Wuta kuwa, ko ashana ko ƙarfen soda, kada ta kusanci sojan: dalma zalla sai digiri 327 take narkewa, amma haɗinta da kuza na iya narkewa tun daga 183.

Bayan an cire, a bar su a sarari kwana ɗaya zuwa biyu su bushe sarai. Kafin ka goge ƙasan tafi ka duba ko akwai lambar sojan a rubuce, ka kwafe ta a takarda, ita ce za ta taimake ka ranar da kake neman irinsa. Samfefa mai lamba 240 a shimfiɗe kan gilashi, a jiƙe, shafa biyar ko shida ya isa.

Girman dakali: Black Powder ba ta tsananta ba, abin da take so shi ne faɗin bataliyoyin ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna. Da yawa suna sa dakaru huɗu a kan milimita 40 da 40, mahaya biyu a kan 50 da 50. Amma wannan awon da sojojin milimita 28 na yanzu ya fi dacewa, masu ƙiba. Minifigs sirara ne, huɗu a kan 40 da 40 sai su zama kamar ba sa ga maciji da juna, alhali sojan Nafoliyon kafaɗa da kafaɗa yake tsayawa. Ni shida a kan 45 da 40 zan zaɓa, uku gaba uku baya. Ka dai tambayi abokan wasanka faɗin bataliyarsu kafin ka sayi komai.

Mai Wadanni:

Ɗan'uwa, a kan na Citadel tambayata ta farko ita ce: dole ne sai an cire su? Tun da The Old World ta fito a 2024 ta mayar da masu milimita 20 zuwa 25, masu 25 irin su dodannin Orcs zuwa 30, yawancin mahaya kuma daga 25 da 50 zuwa 30 da 60, ake sayar da tiren jera sojoji mai ramuka: kowane rami milimita 20, da katangar milimita biyu da rabi a kowane gefe. Jeri mai wadanni biyar ya tashi daga faɗin milimita 100 zuwa 125 ba ka taɓa gam ba. Akwai kuma zoben da ake zura tsohon dakali a ciki ɗaya-ɗaya. In ƙasar da ke kan tsohon dakalin tana da kyau, wannan ita ce hanyar da ba ta da asara, kuma sojan zai ci gaba da shiga tsoffin dokoki. Abu ɗaya dai: dakalin Citadel gefensa a karkace yake, ƙasa ya fi sama faɗi, don haka za a bar ɗan kwari tsakaninsa da zoben. Ana cike shi da Polyfilla ko Milliput a bi da yashi.

In kuwa ka ƙudura sai ka cire, ga yadda ake yi. Waɗannan yawanci sufa gulu ne a cikin tsagar. Sufa gulu na da ƙarfi in an ja shi tsaye, amma ba ya jure murɗa, sanyi kuma na ƙara masa gautsi, ga shi ƙarfe da roba ba sa tsukewa daidai da juna. Saka su a leda, ka ɗaure, su kwana a firiza. Ka riƙa fitowa da biyu ko uku kawai a lokaci guda, domin cikin 'yan mintuna ƙarfen ya ɗumama, amfanin ya tafi. Juya dakalin, ka sa filayar yankan waya ka datse robar daga gefe zuwa ƙarshen tsagar, hagu da dama. Yanzu dakalin ya kusa rabewa biyu. Kama kowane rabi da filaya ka murɗa shi waje, zai saki harshen da ɗan ƙara. Sojan yana kwance a kan tsumma mai laushi duk tsawon aikin, hannunka a kan harshen ko duga-dugansa. Raɓar da za ta taru a jikinsa in ya fito daga sanyi, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge.

Kada ka tura harshen daga ƙasa da sukundireba. In ya saki gaba ɗaya, sojan zai yi tsalle ya faɗi ƙasa, in bai saki ba bakin sukundireban ya zame ya shiga tafin hannunka.

Asiton yana narkar da sufa gulu, amma yana narkar da fenti da robar dakalin, tururinsa ma kaɗai na iya dusashe banish. Amfaninsa ɗaya a nan: bayan sojan ya fita, ka tsoma auduga ka goge ragowar gam ɗin da ke kan harshen. Ruwan goge jan farce na kanti sau da yawa akwai mai a ciki, zai bar santsin da sabon gam ba zai kama ba, sai an wanke da sabulu. Sojan roba ko na rezin kuwa asiton bai kamata ya taɓa shi ba sam.

Harshen nan kada ka yanke shi. A kansa ne ake zubo shekarar ƙira, wani lokaci da sunan sojan, kuma masu tara tsoffin Citadel da shi suke tantance na asali. Ana samun dakalin milimita 25 mai tsaga. In harshen ya yi wa tsagar sako-sako, ka ɗan lanƙwasa tsakiyarsa da filaya ya shiga da ƙyar, ka ɗiga gam daga ƙasa, ramin da ya rage a sama ka rufe da guntun tef ɗin takarda kafin yashi, in ba haka ba yashin zai zurare.

Wanda harshensa ya riga ya karye, sai ƙusa. Ɗan abin huji na hannu, baki milimita 0.8 ko 1, a huda daga duddugen ƙafar da ta fi miƙewa zuwa cikin ƙwauri, zurfin milimita 4 zuwa 5. Fara yin ɗan gurbi da bakin allura don kada bakin ya zame. A juya a hankali, ana fitarwa ana kakkaɓe gari, domin ƙarfe mai taushi na riƙe baki ya karya shi a ciki. Wayar tagulla mai kauri daidai da ramin, ko wayar maƙalar takardu, a manna a ƙafa, a bar milimita 2 zuwa 3 a waje ya ratsa dakalin. Wadanni ƙafafunsu gajeru ne masu kauri, sun fi kowa sauƙin wannan aiki.

Hajiya Mai Buroshi:

Malam Baban Amira, bayanin da aka yi maka ya wadatar a kan cirewa. Ni tambayarka ta ƙarshe zan amsa, domin a nan ne ake yi wa tsoffin sojoji illar da ba ta gyaruwa.

Duka kashi biyun naka akwai dalma a ciki. Games Workshop, mai kamfanin Citadel, sai a 1997 ta koma ƙarfe mara dalma. Dalma na da cuta guda: in ta zauna a rufaffen wuri mai danshi tare da abin da ke fitar da tururin asid, sai ta fara zama gari fari ko toka-toka, fenti ya kumbura ya fashe, a ƙarshe fuska da yatsu su zagwanye. Masu fitar da wannan tururi su ne katakon ok, da MDF (allon da ake matsawa daga garin katako da gam), da kwali mai arha, da binega, da shi kansa farin gam PVA. Masu adana kayan tarihi sun daɗe da sanin haka. Sojan da ya yi shekaru a kan kwali da farin gam, wurin da ya fi kamata a duba shi ne ƙasan tafinsa da idon sawu, daidai inda za ka buɗe yanzu. Duhu-duhu mai santsi ba komai ba ne, tsufan ƙarfe ne. Gari mai tashi in an taɓa, da ƙananan ramuka a ƙarƙashinsa, shi ne cutar.

Wanda ya kamu, a ware shi. A goge garin da jiƙaƙƙen buroshi har a kai ga ƙarfe mai haske, a busar da shi sosai, a rufe wurin da fentin share fage ko banish. Ba ya bin iska daga soja zuwa soja, amma akwatin da ya jawo wa ɗaya zai jawo wa saura, don haka akwatin ma a sauya.

Saboda wannan nake ganin dakalin roba mai tauri, kaurin milimita 1.5 zuwa 2, ko na ƙarfe mai rufi, ya fi MDF dacewa da zubin shekarun 1970. Na san MDF ya fi arha, yankansa ya fi tsafta, kuma mutane da yawa suna amfani da shi lafiya. In shi za ka saya, ka shafe shi da banish ɗin akirilik sama da ƙasa da gefe, ka kuma shafe ƙasan tafin sojan kafin mannawa, kada ɗanyen ƙarfe ya taɓa katako ko farin gam. Bayan an gama, a bar su a sarari mako biyu kafin su shiga akwati. Akwatin na roba, a jefa 'yan ƙunshin tsotse danshi irin na kwalin sabon takalmi, a riƙa buɗewa yana shan iska, musamman da damina.

Sai lafiyarka da ta iyalinka, kuma wannan ba wasa ba ne. Garin nan fari da ƙurar da magagari ke fitarwa guba ne, yara ƙanana kuma suka fi cutuwa da shi. Ba mu manta da abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Na nan bai kai ko kusa da wancan yawa ba, amma hanyar shigarsa jiki ɗaya ce: ƙura a hannu, hannu a baki. Shi ya sa Malam Maƙeri ya ce a jiƙa samfefa. Kada a yi aikin a ɗakin girki ko inda yara ke rarrafe, kada a hure ƙura da baki, a shimfiɗa jarida a naɗe ta a zubar, a sa safar hannu da takunkumi in akwai farin gari, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ledar da za ta shiga firiza a ninka ta biyu.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na ɓare guda ɗaya kamar yadda Malam ya ce. Na dakarun farin gam ne, amma na mahayan ruwan ƙasa ne mai jan zare. Da me zan cire shi? Sannan a ƙasan akwatin akwai wasu sojojin kamfanin Airfix na roba mai laushi, su ma a kan kwali, fentinsu na zuba da an taɓa bindiga. Hajiya, in ba farin gam ba, da me zan manna sojan, da me kuma zan kama yashi?

Malam Maƙeri:

Wannan Evo-Stik ne ko ɗan'uwansa. Ruwa ba ya narkar da shi, amma ka jiƙa duk da haka, domin kwalin zai fita ya bar maka fatar gam kawai a ƙasan tafi. Ita kuma ka murza ta da babban yatsa, za ta nannaɗe ta fita. Wadda ta ƙi, ka kwantar da ruwan aska a ƙasan tafin ka yanke ta, bakin askar na fuskantar waje, ba wajen yatsunka ba. Man da ake zuba wa laita yana sassauta ta, sai dai shi ma yana taɓa fentin mai, don haka a kan auduga kawai, a ƙasan tafi kawai. Fetur kada ka fara.

'Yan Airfix robarsu ba ta riƙe gam, shi ya sa cire su ya fi na kowa sauƙi: lanƙwasa kwalin ƙasa, su faɗo. Matsalarsu fenti ce. Robar na lanƙwasuwa, fentin mai ba ya lanƙwasuwa, sai ya ɓare. Kafin ka taɓa su, shafa musu farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da buroshi mai laushi, ya bushe ya zama fata mai riƙe fentin. A nan farin gam ba shi da illa tunda babu dalma, amma akwatinsu daban da na ƙarfen. Ruwan zafi kada ya taɓa su, kuma ka sani wasu tsoffin sun yi gautsi da shekaru, idon sawunsu na karyewa ba gargaɗi. Wajen mayarwa, kankare ƙasan tafin da samfefa, ka manna da gam ɗin takalma, sannan ka sa ƙasar dakalin ta hau kan gefen tafin ta danne shi. Wannan dannewar ce ke riƙe su, ba gam ɗin ba.

Hajiya Mai Buroshi:

Sojan ƙarfe a manna shi da sufa gulu mai kauri, irin wanda ba ya gudu, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gero a tsakiyar tafi. Kada ka malale shi. Yawansa ba ya ƙara ƙarfi, tururinsa na barin farin hazo a kan takalma, sannan duk wanda zai sake sauya dakalin nan gaba, kai ne ko wani, sai ya sha wahalar da kake sha yau. Dawaki kaɗai nake ba ɗigo biyu, gaba da baya. In dakalin roba ne mai santsi, a kankare samansa da samfefa tukuna. Jera su a bushe kafin gam, ka haɗa dakali biyu gaba da baya da gefe da gefe, ka tabbata bindigar na baya ba ta sokin jakar na gaba, wutsiyar doki kuma ba ta leƙo waje ba.

Tafin Minifigs na da ɗan kauri, in aka zuba yashi kai tsaye kowane soja zai fito a kan tudunsa. Cike tsakaninsu da kwaɓin akirilik na masu zane, wanda ake sayarwa da yashi a ciki, ko ka haɗa naka: banish ɗin akirilik mara sheƙi da yashi mai laushi, ya yi kaurin da zai tsaya a kan tsinke. Shi ne madadin farin gam. Shafa shi da tsinken sakace daga gefen dakali zuwa ciki, ya tsaya daidai saman tafi, kada ya binne takalmi. Yashin a tankaɗe shi da rariya, a wanke, a shanya ya bushe ƙayau, domin yashi mai laka yana tsagewa, na bakin teku kuma akwai gishiri. In dakalin siririn katako ne, kwaɓi mai ruwa da yawa zai ja shi ya lanƙwashe yayin bushewa, abin da ya sami kwalin farko ke nan. Shafe fuska biyun da banish na hana haka.

Launin ƙasa a yi shi da fentin ruwa, mai duhu a fara, a bi da mai haske da busasshen buroshi. Ga sojoji masu sheƙi na wancan zamani, ni na fi son dakali mara tarkace, kore ɗaya ko ciyawar roba gajera ta milimita 2 nan da can. Dogayen ciyayi da duwatsu irin na yanzu suna shanye siraran sojoji. Kada ka fesa banish mara sheƙi a kan duka don dakalin, zai kashe sheƙin da kake son tsarewa, in kuma ranar akwai danshi ya bar farin hazo. Buroshi za ka sa, a kan ƙasar kawai.

Don ɗauka da ajiya: dakalin Citadel akwai rami a ƙasansa, maganaɗisu mai faɗin milimita 5 da kaurin 2 yana shiga. A sa ɗan Milliput a ramin, a danna maganaɗisun, a kifa dakalin a kan leda a bisa tebur har ya yi daidai da gefe, domin ko ratar rabin milimita tsakaninsa da farantin ƙarfen akwati tana rage kamunsa sosai. Maganaɗisun duka fuska iri ɗaya za su juya ƙasa, in ba haka ba maƙwabta a jeri za su riƙa fizgar juna. Na Minifigs masu shimfiɗaɗɗen ƙasa kuma takardar maganaɗisu mai gam a baya ake liƙawa, amma dakali mai sojojin dalma shida yana da nauyi, takardar da ba ta kai kaurin milimita 0.8 ba ba za ta riƙe shi ba in akwati ya karkata.